Neman shawara: agogon leza da aka ce yana wanke jini, Umma na son ajiye maganin hawan jini

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lafiya da ke cikinmu ku taimaka min, kaina ya ɗaure.

Mahaifiyarmu tana da hawan jini da ciwon suga shekaru da dama, tana shan amlodipine da metformin, kuma alhamdu lillahi jikin da sauƙi. Kwanan baya wata ƙawarta ta ja ta wani taro, wai ana gwajin jini kyauta. Suka soki yatsarta, suka ɗiga jinin a gilashi, suka sa a madubin likita da aka jona da talabijin. Aka nuna mata ƙwayoyin jininta sun manne da juna kamar an jera kwabbai. Mai bayanin ya ce wannan shi ne jini mai kauri, shi ke kawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Sai aka ɗaura mata wani abu mai kama da agogo a wuyan hannu, cikinsa 'yan fitilu ne jajaye, da wani ɗan abu da ake maƙalawa a hanci shi ma yana ba da jan haske. Bayan rabin awa aka sake ɗibar jinin, sai ga ƙwayoyin sun warwatse, kowace ita kaɗai. Aka auna hawan jininta, ya ɗan sauka.

Tun ranar Umma ba ta da zance sai na agogon. N180,000 suka ce, a jikin takardar tallar an rubuta 650nm da 5mW. Yayanmu ya ce zai biya rabi. Ni ba kuɗin ne ya hana ni barci ba, furucinta ne, cewa in agogon ya zo za ta huta da ƙwayoyi, don an gaya mata maganin asibiti yana cin ƙoda.

Da gaske hasken leza yana taɓa jini? Abin da ta gani a talabijin ɗin mene ne? Mu saya ko mu bari?

Mai Gwajin Jini:
Wa alaikumus salam. Yar uwa, ni aikina ke nan, kullum idona yana kan jinin mutane, don haka bari in ɗauki ɓangaren talabijin ɗin.

Wannan jeren da aka nuna wa Hajiya ba ƙarya ba ne, jajayen ƙwayoyin jini suna yin haka. Siffarsu faifai ce mai lotsawa a tsakiya, faɗin kowace bai wuce maikuron 7 zuwa 8 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma da zarar jini ya tsaya cak sai su kwanta a kan juna. Abin da ba a gaya mata ba shi ne jinin kowa yana yi. In na ɗiga jininki a gilashi yanzu, tsakiyar ɗigon inda ya yi kauri za ki ga jere-jeren nan, in na matsa zuwa gefe inda ya yi siriri za ki ga ƙwayoyin a rarrabe. Ɗigo ɗaya ne, mutum ɗaya, minti ɗaya. Girman ɗigon, da yadda aka danna gilashin sama, da tsawon lokacin da jinin ya yi a waje kafin a duba, duk suna canza hoton. Mai riƙe da madubin shi ke zaɓar inda zai nuna.

A cikin jiki kuwa jinin gudu yake, gudun nan shi ke wargaza jeren. Akwai lokacin da mannewar take yin yawa da gaske, in wasu sinadaran ruwan jini irin su fibirinojin sun ƙaru, kamar lokacin kumburi ko ciwo mai tsanani ko juna biyu. Mu ba da ido muke yanke hukuncin wannan ba. Gwajin ESR muke yi, a zuba jini a siririyar kwalba a tsayar da ita awa ɗaya a auna yadda ƙwayoyin suka sauka. Kaurin jini kuma mafi yawansa yana bin yawan ƙwayoyin ne, wato PCV, kuma babu fitilar da za ta canza PCV a rabin awa.

In kina son ki kama su, ki je da Hajiya ki ce a ɗebi jinin sau biyu ba tare da an ɗaura agogon ba, kuma ki ce a zagaya da madubin ko'ina a gilashin, ba inda suka ga dama ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wannan gwajin kyautar shi ne tallar.

Hajiya Mai Atamfa:
To ni dai ina da shi, ɗana ya kawo min daga tafiya, kuma wallahi ina jin daɗinsa. In na ɗaura bayan la'asar na zauna, jikina sakewa yake, kuma in na auna bayan na cire, lambar ta sauka. Ba komai ba ne za a ce damfara. Amma gaskiya ban bar maganina ba.

Mai Gwajin Jini:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah ki gwada mana abu ɗaya: gobe ki zauna wannan zaman, a wannan kujerar, rabin awa, da agogon a hannu amma a kashe, sannan ki auna. Mutum in ya zauna shiru ba magana ba kai-kawo, hawan jininsa yana sauka da kansa. Shi ya sa ma a asibiti ake cewa a huta aƙalla minti biyar kafin a auna.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai yaron nan da wayo kake. To zan gwada, amma jin daɗin da nake ji ba za ka ƙwace min shi ba.

Malamin Fiziks:
Ni ba likita ba ne, haske nake koyarwa a sakandare, kuma wannan tambayar ta shigo gonata.

Leza haske ne mai launi ɗaya tak, wanda ke tafiya a tsuke ba ya bazuwa kamar na ƙwan lantarki. Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a Amurka a 1960. Wannan 650nm da kika gani launin ne, nanomita 650, wato ja. 5mW kuma ƙarfin ne, miliwat 5, daidai da irin 'yar fitilar nan da malamai ke nuna rubutu da ita a allo.

Yau da dare ki kunna fitilar wayarki ki danna yatsa a kai. Farin haske ya shiga, amma ja za ki ga yana fitowa. Dalili, himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana shanye shuɗi sosai, wajen nanomita 415, yana shanye kore da rawaya wajen 542 da 577, amma ja kaɗan yake kamawa, sai ya bar shi ya wuce. Abin da ya sa jini yake ja ke nan. To kin ga abin mamakin: launin da aka sa a agogon yana cikin launukan da jini ba ya sha da yawa. An zaɓe shi ne don ya fi kore ratsa fata. Duk da haka cikin 'yan milimitoci mafi yawansa ya watse, kuma mu masu baƙar fata sinadarin launin fatarmu yana cinye wani kaso tun a ƙofa. Shi ya sa suka ƙara na hancin, don a can fatar siririya ce kuma jijiyoyin suna kusa.

Sai lissafi. Fitila mai miliwat 5 in ta yi rabin awa a kunne, makamashin da ta fitar jul 9 ne. Ko guda goma ne a agogon, jul 90. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma kafin ka ɗaga zafin wannan jinin da digiri ɗaya kana buƙatar jul kusan dubu ashirin. Saboda haka maganar "narkar da kitse" ko "narkar da gudan jini" da zafi ba ta taso ba. In akwai wani tasiri, to ta hanyar sinadari ne, wannan kuma sai likitoci.

Abu ɗaya da na tabbata zai iya yi shi ne cutar da ido. Duk gidan da ke da shi a ɓoye wa yara, kada a leƙa cikin fitilun, kada a haska wa wani.

Likitan Zuciya:
Maman Ihsan, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da kula da mahaifiya. Amsar tambayarki ta farko: eh, hasken leza yana taɓa jini, kuma mu likitoci muna amfani da hakan kullum. Inda aka yi wa Hajiya rufa-rufa shi ne haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Na farko leza mai ƙarfi. Wannan babu gardama a kanta. Ana zaɓar launin da himogulobin ke sha, a harba shi cikin ƙiftawar ido, ƙwayoyin jinin da ke cikin jijiyar su ɗauki zafi, zafin ya ƙona bangon jijiyar daga ciki ta rufe, fatar da ke kewaye kuma ta tsira. Rox Anderson da John Parrish ne suka shimfiɗa wannan ƙa'idar a Harvard a 1983, kuma da ita ake rage jan tabon da ake haihuwar wasu yara da shi a fuska, da rawayar leza mai nanomita 585 ko 595. Haka jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka murɗe, ana zura siririn zaren gilashi a ciki a ƙona su su toshe. Ki lura da kyau, duk aikin leza da aka fi tabbatarwa a kan jini, rufe jijiya yake yi, ba buɗe ta ba.

Na biyu leza mai rauni, irin ta agogon. Asalinta wani likitan tiyata ne a Budapest ta ƙasar Hungari, Endre Mester. A 1967 yana gwaji a kan ɓeraye da aka aske wa baya, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya fi saurin tsirowa. Tun daga nan ake ta bincike, kuma ba zan ce babu komai a ciki ba. Akwai wurin da ta samu karɓuwa: gyambon bakin da ke damun masu ciwon daji lokacin da ake musu ƙona ko ba su magani mai ƙarfi, jagororin likitoci na duniya sun yarda a yi amfani da ita don rage shi. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne jan haske yana taɓa wani sinadari a cikin mitokondiriya, wato ɗakin wutar ƙwayar halitta. To ga matsalar: jan ƙwayar jini da ta balaga ba ta da mitokondiriya ko ɗaya, ba ta ma da cibiyar nan da ke ɗauke da bayanan gado. Duk ta zubar da su kafin ta gama girma don ta cika cikinta da himogulobin. Saboda haka wannan bayanin bai hau kanta ba.

Hanyar da ta fi ma'ana ita ce ta iskar naitirik oksaid, wadda ke sa bangon jijiya ya saki ya buɗe. Robert Furchgott, ɗaya daga cikin mutum uku da aka ba lambar Nobel a 1998 a kan wannan iskar, tun shekarun 1950 ya lura cewa in haske ya sauka a kan yankin jijiyar da aka ciro daga dabba, sai ta saki. Daga baya an nuna a ɗakin gwaji cewa haske yana iya sakin naitirik oksaid da ke maƙale da himogulobin. Saboda haka in aka ce jini ya ɗan ƙara gudu a fatar da ke ƙarƙashin fitilar na wani ɗan lokaci, ba zan yi musu ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan jini cikin kwalba kuwa sun saɓa wa juna: wasu sun ga ƙwayoyin sun ɗan ƙara laushi, wasu ba su ga komai ba, in kuma aka ƙara ƙarfin hasken sai ƙwayoyin su fara fashewa.

Tsakanin "jini ya ɗan motsa a wuyan hannu" da "an warkar da hawan jini" akwai tafiya mai nisa da ba a yi ba. Hawan jini ba daga mannewar ƙwayoyi yake fitowa ba. Yana fitowa daga tsukewa da taurin ƙananan jijiyoyin jiki gaba ɗaya, da yadda ƙoda ke riƙe gishiri da ruwa, da gado, da shekaru, da ƙiba. Magungunan hawan jini an gwada su a kan dubban mutane na shekaru ana ƙirga wa ya samu shanyewar ɓarin jiki, wa ya mutu. Agogon nan ba a yi masa irin wannan gwajin ba, kuma babu jagorar maganin hawan jini ko na suga da ta sa shi cikin magani.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai Likita, na gode Malam. Amma maganar ƙodar fa? Ita ce ta fi shiga ranta, don wata maƙwabciyarmu ana mata wankin ƙoda, kuma ita ma ta daɗe tana shan magani.

Likitan Zuciya:
Wannan maganar ta hallaka mutane da yawa, kuma a kife take. Manyan abubuwa biyu da ke kashe ƙoda a duniya su ne ciwon suga da hawan jini da ba a danne su ba. Mutane suna ganin mai shan magani ya kai ga wankin ƙoda sai su ɗora wa maganin, alhali ciwon da ya sa aka ba shi maganin ne ya yi ɓarnar, sau da yawa tun kafin a gano shi. Amlodipine abin da aka fi saninsa da shi kumburin ƙafa ne a wasu mutane. Metformin ba ya cin ƙoda, amma ta ƙoda yake fita, don haka in ƙodar ta yi rauni ana rage shi ko a canza. Wanda ke cin ƙoda da gaske, kuma tsofaffinmu suna sha kamar gyaɗa, shi ne maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ba a san me ke ciki ba.

Ki kai Hajiya a yi mata gwajin ƙoda, na jini da na fitsari, ta ga sakamakon da idonta. Tunda gani ne ya ja ta, gani ne zai dawo da ita. A haɗa da HbA1c. Shi wannan gwajin a kan jajayen ƙwayoyin nan yake: kowace tana rayuwa wajen kwana 120, suga yana manne wa himogulobin ɗinta a hankali, sai gwajin ya nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba ya jin rarrashi, ba ya jin zaman rabin awa.

Ummu Hanifa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗiyata tana da sikila, SS ce, kuma ni ma an kawo min tallar wannan abin, aka ce yana miƙar da ƙwayoyin da suka lanƙwashe. Wanda ke da yaro mai sikila ya san halin da muke ciki, in an ce ga sauƙi ko ina ne za mu je. Likita, akwai gaskiya a ciki?

Likitan Zuciya:
Allah ya ba ta lafiya, Ummu Hanifa, ya ba ki ladan jinya. Babu. Matsalar sikila a cikin ginin himogulobin take, gado ne, canjin ƙwayar gini ɗaya a wuri na shida na sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗu suka gina shi. In wannan himogulobin ya sauke oksijin sai ya sarƙe ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, su tura ƙwayar ta koma siffar lauje. Ƙwayar lafiya tana iya lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta sikila sai ta maƙale, daga nan ciwon yake tashi. Kuma maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Jan haske a wuyan hannu ba ya canza ginin nan, ɓargo kuma yana ci gaba da ƙera sababbi iri ɗaya.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwon, jarirai wajen 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka masu talla sun san inda kasuwa take. Wannan kuɗin ya fi amfani a hydroxyurea in likitanta ya ga ya dace, shi an tabbatar yana rage tashin ciwo, da folic acid, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafi, da yawan shan ruwa. In tana tsakanin shekara 2 zuwa 16, ki tambayi asibitin da kuke zuwa game da awon gudun jinin ƙwaƙwalwa da ake yi da na'urar sauti a gefen kai, yana nuna yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta faru.

Mai Gwajin Jini:
In ƙara a kan ta Likita, leza ta yi wa masu sikila aiki, amma a ɗakin bincike. Arthur Ashkin a Amurka ya gano cewa in aka tsuke hasken leza sosai yana iya riƙe ƙaramin abu ya tsayar da shi. A 1987 shi da abokan aikinsa suka riƙe ƙwayoyin halitta masu rai, har da jajayen ƙwayoyin jini, ba tare da sun lalata su ba, kuma a kan wannan aka ba shi Nobel a 2018 yana da shekara 96. Da wannan dabarar ake kama ƙwaya guda a ja ta a auna taurinta, aka ga yadda ƙwayar da cutar zazzaɓin cizon sauro ta shiga take yin tauri ninki-ninki. Ana kuma amfani da leza wajen auna gudun jini a fata, da ƙirga ƙwayoyi a wasu injinan da muke aiki da su. Duk awo ne, ba magani ba.

Ummu Hanifa:
Na gode. Gara in ji gaskiya ko da ɗaci.

Baban Sadik:
Ni abin da na gani ya wuce agogo. Wani wuri da na raka abokina, allura suke sa wa mutum a jijiya kamar za a ƙara ruwa, sai a zura wani zare mai jan haske a ciki. Sun ce daga Rasha fasahar ta zo. Shi wannan tunda hasken yana shiga jinin kai tsaye, ai maganar fata ta hana shi ba ta taso ba ko?

Likitan Zuciya:
Asalin da suka faɗa gaskiya ne. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet aka fara, farkon shekarun 1980, likitan zuciya Meshalkin da abokin aikinsa Sergievsky a birnin Nobosibirsk, da jar leza mai nanomita 633, kuma har yau ana yi a wasu asibitocin Rasha da Sin da wasu wurare a Jamus. Agogon da na hancin ma 'ya'yan wannan tunanin ne, an cire allurar ne don ya sayu a gida. Rubuce-rubuce a kansa suna da yawa, amma yawancinsu a kan mutane ƙalilan ne, kuma da yawa ba a haɗa da rukunin da aka yi wa na bogi don a kwatanta ba. Sama da shekara arba'in ke nan bai shiga jerin magungunan zuciya da duniya ta amince da su ba.

Kuma a nan ka bar maganar asarar kuɗi ka shiga ta haɗari. Duk abin da zai shiga jijiya, in ba sabo ba ne fil daga leda, hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da HIV da ƙwayoyin cuta a jini. Ka ja abokinka gefe.

Gwaggon Yara:
Ku masu ilimi kun gama naku, saura namu na zaman gida. Maman Ihsan, kada ki je ki ce wa mahaifiyarki an yaudare ta. Babba ba ya son ɗansa ya nuna masa an yi masa wayo, musamman da ƙawarta a tsakiya. In kika yi haka sai ta saya a ɓoye, ta bar maganin a ɓoye, ba za ki sani ba sai ranar da aka kira ki.

Ki fara da Yayanku, ku zama baki ɗaya. Sannan ki ce mata, Umma tunda za mu kashe kuɗi mai yawa haka, mu fara zuwa likitanki ya duba ƙodar ya duba sugan, mu san inda muka tsaya. Ki bar likitan ya faɗa mata da bakinsa. Kuma ki tambaye ta a hankali me ya gundure ta da ƙwayoyin. Wata ƙafarta ce ke kumbura, wata cikinta ne ke murɗawa, wata kuɗin sayen ne take jin nauyin tambayar 'ya'yanta kowane wata. In ta faɗa, yawanci akwai gyara.

Likitan Zuciya:
Gwaggo ta faɗi abin da ya fi nawa. Kuma in bayan duk wannan Hajiya ta kafe sai agogon, kuma ba zai taɓa kuɗin abinci ko na magani ba, ni ba zan yi yaƙi da ita a kansa ba. A duba yana da lambar NAFDAC, duk da rajista ba shaidar warkarwa ba ce. Sharaɗin kawai ko ƙwaya ɗaya ba za a ajiye ba. Na'urar awon hawan jini ta dantse, wadda kuɗinta bai kai kusa da wannan ba, da littafin da za a riƙa rubuta awon safe da yamma, su za su nuna gaskiyar lamarin.

Maman Ihsan:
Gwaggo kamar kin san Umma. Ta sha yi min ƙorafin ƙafa, ban taɓa haɗa shi da maganin ba. Kwanan nan ma tana cewa idonta yana mata hazo-hazo in za ta karanta Alƙur'ani, na ɗauka gilashinta ne ya tsufa.

Nas ta Asibitin Ido:
Ƙanwata, tsaya a nan. Ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan layin naki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a duk zancen. Yaushe rabon da a buɗe idon Hajiya da maganin ɗigawa a duba bayansa? Ba awon gilashi nake nufi ba.

Suga da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke shimfiɗe a bayan ido. Su fara yoyo, wasu su toshe, sai idon ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su fashe su zubar da jini a ciki. Ba zafi, ba ja, mutum ba ya sani sai gani ya fara tafiya. Duk mai ciwon suga ana so a duba masa bayan ido aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba ya jin komai. Hazon nata zai iya zama gilashi, zai iya zama yanar ido, zai iya zama sugan ne ke hawa da sauka, amma ba a zato, dubawa ake yi.

In aka samu sababbin jijiyoyin nan, maganinsu leza ne, yawanci koriya mai nanomita 532. Likita yana ɗiga ƙananan ƙuna a gefe-gefen bayan idon, sai idon ya daina kiran sababbin jijiyoyi, waɗanda suka tsiro su koma. Babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna tana rage haɗarin makanta mai tsanani da fiye da rabi. A zaune ake yi, da maganin ɗigawa na kashe zafi, a tashi a koma gida. In kuma kumburi ne a tsakiyar wurin gani, yanzu an fi yin allura a idon. Abin da ya tafi ba ya cika dawowa, wanda ya rage ake tsarewa, shi ya sa ba a jira.

Ku je asibitin ido na gaske ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa da ku cikin makon nan. In kuna wajen Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ku tafi da duk magungunanta da tsohon gilashinta, kuma wani ya raka ta, don bayan an ɗiga maganin buɗe ido gani yana dushewa na wasu awanni, haske kuma yana damun mutum. Ta ci abincinta ta sha maganinta kamar kullum kafin ku fito, layin kan yi tsawo.